Rubuta kiɗan tsirkiya kafin ya bi masu shi

Daga Bonkuku ta Imanan zuwa Filinge, da kunne ake koyon molo da goge. Ran da makaɗi ya rasu, abin da bai koyar ba ya tafi ke nan. Malam Mamman Barka ya gane haka: a 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi tabkin Cadi ya koyi biram wajen Bukar Tar. Shi ma ya rasu a 2018.

A Amurka akwai jitar da ake kwantarwa, mai tsirkiya 10, ana gurza ta da ƙarfe ana taka feda. Makaɗanta suna rubuta kiɗansu: kowane layi tsirkiya ɗaya, lamba wurin ɗora ƙarfe, harafi fedar da za a taka. Manhajar kwamfuta irin TablEdit tana maido sautin abin da aka rubuta, mai koyo ya ji kuskurensa.

Molo ba ya da matakai a wuyansa, saboda haka lamba kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da naɗar sauti. Jama'ar Kurfai, dattawan makaɗa suna nan da rai. Yau ya kamata matasanmu su zauna gabansu da alƙalami.