Tsohuwa Daban, Dattijuwa Daban

A Rumbu, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maradi, idan mace ta yi yaji ba kowace mai furfura ake turawa biko ba. Dattijuwa ake nema, wadda za ta zauna bisa tabarma, ta sha furar da aka dama mata, ta saurari kukan yarinyar har ƙarshe, kuma abin da ta ji a ɗakin ba za a tsince shi a bakin rijiya ba. Shekaru ke mai da mace tsohuwa, ko ta so ko ta ƙi. Dattaku kuwa jama'a ke ba da shaidarsa. Shi ya sa ake samun 'yar shekara 40 ana ce mata dattijuwar arziki, ga 'yar 70 ana kauce mata saboda kaifin bakinta.

Ban da dattijuwa, akwai wasu sunayen da ake girmama mace da su. Uwargida matsayi ne na matar fari, amma duk wadda ta iya riƙon kishiya da 'ya'yan kishiya, sunan ya fi zama mata daram. Kamila ta fi karkata ga kamun kai da tsoron Allah. Inna, Iya da Gwaggo sunayen dangi ne da ake ara wa bare don girmamawa.

Biyu daga cikin sunayen nan ma sarautu ne a jihar Maradi. A Tibiri, fadar Gobir, Inna 'yar gidan sarauta ce, ita ke shugabantar mata da 'yan bori. Takwararta a Maradi ita ce Iya, Daura kuma tana da Magajiya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa 'yan taru, manyan mata masu natsuwa ta zaɓa ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, su ke jagorantar matan ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu.

Hajiya ce ta sha wuya a hannunmu. Da can sai wadda ta sauke farali, sau da yawa bayan ta aurar da 'ya'ya. Yanzu ɗan tireda na ganin leshi da zoben zinariya zai ce "Hajiya, me za a kawo?", ko da yarinyar ba ta taɓa taka filin jirgin Yamai ba. Ban ga laifin ɗan kasuwa ba, ciniki yake nema. Sai dai har yau ban ji ya kira mai saye dattijuwa don ta ƙara masa dala ba.