Ko ka sani? Na'urar Girkawa mai hasashen husufi

Na'urar Antikitera wani ɗan akwati ne na katako, cike da faya-fayen tagulla masu haƙora irin na cikin agogo, wanda Girkawa suka ƙera fiye da shekara 2,000 da suka wuce domin lissafin tafiyar rana da wata da kuma lokacin husufi. Sunanta ya samo asali daga tsibirin Antikitera, tsakanin Kirit da kudancin ƙasar Girka, inda masu nutso neman soson teku suka ci karo da wani tsohon jirgin ruwa a shekarar 1900. Jirgin ya nutse ne wajen shekara 70 zuwa 60 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Cikin kayan da aka tsamo a 1901 akwai wani curin tagulla da ruwan gishiri ya cinye, wanda babu wanda ya kula da shi sai a 1902, lokacin da aka hangi haƙoran faifai a jikinsa.

Ba banza ba mutanen wancan zamani suka ɓata hikima a kan husufi. Ga sarakuna da masu duba, dushewar rana ko wata saƙo ne daga sama, kuma saƙon yakan sauya makomar yaƙi. Ranar 28 ga Mayu, shekara 585 kafin haihuwar Annabi Isa, rana ta yi husufi ana tsakar gumurzu tsakanin Lidiyawa da Mediyawa a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. Marubucin tarihi Herodotus ya ruwaito cewa yaƙin ya shiga shekara ta shida, amma da dakarun suka ga duhu ya rufe su da rana, sai suka ajiye makamai, aka yi sulhu, aka ƙulla shi da auratayya tsakanin gidajen sarautar biyu. Ya kuma ce masani Thales ya riga ya faɗi shekarar da hakan zai faru, kodayake masana na yau suna tantama a kan wannan.

Abin da ya faru a birnin Sirakus na tsibirin Sisili ya fi muni. A watan Agustan shekara 413 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Atina na shirin janyewa daga tsibirin Sisili sai wata ya yi husufi. Jagoransu Nikiyas ya bi maganar masu duba, ya ce a dakata kwana 27. Kafin su motsa abokan gaba sun toshe bakin tashar jiragen ruwa, aka murƙushe rundunar, shi kansa Nikiyas aka kashe shi.

Abin da ya firgita waɗannan mayaƙa shi ne na'urar ta mayar lissafi. Akwai mariƙi a gefenta. Idan aka juya shi, faya-fayen sukan tura juna, allurai kuma su zagaya a kan fuskokin gaba da baya. Fuskar gaba tana nuna matsayin rana da wata a cikin buruji 12, da wani ɗan ƙwallo mai rabi fari rabi baƙi da ke nuna cikar wata ko raguwarsa. Har saurin da wata ke yi a wani sashe na zagayensa da jinkirinsa a wani sashen an kwaikwaya, ta hanyar ƙusa mai zamewa cikin tsaga tsakanin faifai biyu.

Sirrin husufin yana baya. Masanan Babila sun daɗe da gano cewa husufi yakan maimaita kansa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 11 da kusan awa 8. Maƙerin ya zana waɗannan watanni a layi mai naɗi huɗu kamar gammo, kowane wata da gidansa. A gidan da ake sa ran husufi ya sassaƙa harafin farko na sunan wata ko na rana da Girkanci, tare da sa'ar aukuwarsa. Saboda awa 8 ɗin nan da ta yi saura, sai ya ƙara wata 'yar fuska mai zagayen shekara 54, wadda ke faɗin ko za a ƙara awa 8 ko 16 ko a bar lissafin yadda yake. Sai dai na'urar ba ta iya faɗin garin da za a ga husufin rana, domin inuwar wata siririya ce a doron ƙasa.

Duk da wannan lissafi, alaƙa da duba ba ta yanke ba. Rubutun da ke jikin na'urar ya ambaci launin husufi da girmansa, har da abin da wasu masana suka fassara da iskokin da ke tare da shi, abubuwan da masu duban taurari ke kafa hujja da su.

Masani Derek de Solla Price ne ya wallafa babban nazari a kan na'urar a 1974, bayan an ɗauki hoton cikinta da irin hasken da ake duba ƙashi da shi a asibiti. A 2005 wata tawagar masana ta sake leƙa cikinta da na'ura mafi ƙarfi, aka karanta dubban haruffan da suka ɓuya. Gutsattsarinta 82, masu ɗauke da faya-faye 30, suna ajiye a gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke birnin Atina.