Likitan Ƙwaƙwalwar Yara: Mene Ne Aikinsa?

A ƙasar Gezawa gida na kusa da gida, gona na jikin gona. In yaro ya karye, kafin azahar maƙwabta sun cika gidan da gaisuwa. Amma in hankalinsa ne ya taɓu, sai a ja ƙofa a yi shiru. Wani ya ce iskoki ne, wani ya ce sammu ne, wani kuma ya ce taurin kai ne, bulala ce maganinsa. To, jama'a, akwai likita wanda aikinsa ke nan, wato likitan ƙwaƙwalwar yara da matasa.

Wannan likita yakan yi shekara 6 yana karatun likita kamar kowa, sa'an nan ya ƙara waɗansu shekaru yana koyon cututtukan hankali. Babban kayan aikinsa kunne ne da haƙuri. A ce an kawo masa yarinya 'yar shekara 14 wadda ta daina cin abinci, ta bar zuwa makaranta, kullum tana kwance a ɗaki. Zai zauna da uwa da uba ya ji yadda abin ya fara. Zai kuma gana da yarinyar a keɓe, gama akwai abin da yaro ba zai faɗa a gaban ubansa ba don kunya. Zai tambaya: Tana barci? An yi rasuwa a gidan? Wani ya ci zarafinta? Ta taɓa yin zazzaɓi mai zafi da suma? Bayan haka ne zai san ko shawara ce ta dace, ko magani, ko duka biyu.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin 7 na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wani ciwon hankali, rabin waɗannan cututtuka kuwa sukan fara ne kafin a wuce shekara 14. Daga cikinsu akwai baƙin ciki mai tsanani, da yawan tsoro, da shaye-shaye. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda yake lalata samari da 'yan mata a Kano da sauran wurare. Farfaɗiya ma ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukarta ta wurin yawu, kuma tana jin magani. In yaro ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a nisanta shi da wuta da ruwa, kada a cusa masa cokali a baki.

Ƙasarmu ta daɗe da sanin cewa iyali rabin magani ne. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda majiyyaci kan zauna a ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. A Jami'ar Ibadan kuma Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafa cibiyar horar da masu kula da lafiyar hankalin yara. A Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali wadda ta maye tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare mutuncin majiyyaci. Duk da haka likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Kowa ya tuna yadda a 2019 'yan sanda suka fito da maza da yara cikin mari daga wani gida a Rigasa, Kaduna. Mari ba ya warkar da kowa.

Ina mutumin Gezawa zai nufa? A fara da asibiti mafi kusa. Daga nan za a iya tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In yaro ya ce ya gaji da duniya, ko yana jin muryar da ba kowa ke ji ba, kada a jira sai an gama girbi. A tafi a ranar.

Wani zai ce, ashe addu'a ba ta isa ba? Mu tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna 19. Ya gaji har ya roƙi mutuwa, amma Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi, sa'an nan ya yi magana da shi. Luka ma, marubucin Bishara, likita ne. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Saboda haka, iyaye, ku saurari 'ya'yanku. Pasto da dattawan ekklesiya, da zumuntar mata, ku ziyarci irin wannan gida kamar yadda kuke ziyartar gidan mai jego, in da hali ku haɗa musu kuɗin mota zuwa Kano. Yaran nan amana ce daga Allah. Ubangiji ya taimake mu mu riƙe ta. Amin.