Kafin a Biya Kuɗin Hayar Saba

Matasan unguwar Hanwa masu gina wa makarantu da shagunan Zariya shafukan intanet ba kasafai suke sayen saba tasu ba. Haya suke yi: kamfani ya rarraba babbar kwamfuta guda zuwa ƙanana ta hanyar manhaja, kowa ya karɓi rabonsa. Tamkar gidan haya ne mai famfo ɗaya, idan maƙwabci ya tare shi sai kowa ya jira.

Shi ya sa masana ke gwaji. Manhajar fio, wadda Jens Axboe ya rubuta, tana ƙirga sau nawa faifai ke karatu ko rubutu a daƙiƙa. Tsohon faifai mai juyi 7,200 a minti yana tsayawa wajen 100 idan bayanan a warwatse suke, faifan SSD kuwa yana kai dubbai. Ita sysbench ƙarfin ƙwaƙwalwar injin take aunawa.



Gwaji ɗaya ba ya wadatarwa. A maimaita shi safe, rana da dare kafin a biya kuɗin shekara.