Goriya kawai ake nema: ina sauran goro ya shiga?

A watan jiya aka ɗora mini sayen goron ɗaurin auren ƙanena. Na tashi daga makaranta na nufi kasuwar Arzeke a nan Parakou, na tarar da wani dattijo da na saba saye a wurinsa. Na ce ya haɗa mini ƙwarya biyu, manya da ƙanana. Sai ya yi dariya: "Malam, wa ke tambayar minu yanzu? Kowa goriya yake so, wadda za ta cika hannu a hoto."

Maganar ta tsaya mini a rai. Kakana a Djougou ya girma, garin da ayarin fatake ke yada zango tsakanin Salaga ta ƙasar Gwanja da Kano, kafin yaƙin basasar Salaga na 1892 ya karya waccan kasuwa. A bakinsa na ji goro yana da daraja hawa-hawa: goriya ce babba, sai marsa, sai saran-waga, sannan minu ɗan ƙarami. Ga fari ga ja, ga daushe wanda ya kwana shekara, ga ɗan Laboji na ƙasar Nufe da ake kai wa sarakuna. Na gwada ɗalibaina da waɗannan sunaye, babu wanda ya wuce "fari da ja".

Na ce, "Baba Alhaji, laifin wa?" Ya ce ba na kowa ba ne. Babba ke fita da wuri, ƙarami kuwa yana zaune cikin huhu har sankara ta shige shi. Wa zai zuba jarinsa a abin da zai ruɓe?

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Ko taba naɗin hannu ta ƙasar Kuba, wadda attajiran Turai ke tsadar saye, haka ta koma. Ana auna kaurinta da kashi 64 na inci. A da mai lamba 38 zuwa 42 ce abin yayi, amma a 2010 aka fito da Cohiba Behike mai lamba 52, 54 da 56, sirara da dama kuwa aka daina yin su. Ba yabon taba nake ba, cuta ce. Halin kasuwa nake nunawa: idan ido ya fi baki iko, iri-iri sai ya ƙare.

Asarar a kan talaka take faɗawa. Da minu ne mai ƙaramin ƙarfi ke raba goron suna ya ishi kowa a ƙofar masallaci. Yau ko dai ya ci bashi ya sayi goriya, ko ya raba alewa yana sunkuyar da kai.

Na dage sai da dattijon ya tono mini minu rabin ƙwarya daga ƙasan kwando. Ranar ɗaurin aure a Djougou, wata gwaggona ta ɓare ɗaya ta tauna, ta ce, "Kai ɗan nan, ina ka samo goron mutanen da?"