Kakar da gobara ta ci ƙungiya

Mutumin Dutsi da ya saba kallon ƙwallon dawaki a Katsina zai gane hokin ƙanƙara: sanda ce da raga, sai dai a kan daskararren ruwa ake tsere, mutum shida kowane ɓangare, da takalma masu kaifin ƙarfe.

Rigima ce ta haifi NHL, gasar hokin ƙanƙara. Masu ƙungiyoyin Kanada sun gaji da abokinsu Eddie Livingstone, ga shi ba damar korarsa, sai suka bar masa tsohuwar gasar, suka kafa sabuwa a birnin Montreal ranar 26 ga Nuwamba 1917. Dabara ce ta ƴan kasuwa tsantsa.

Ƙungiyoyi huɗu suka fara wasa a Disamba, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe samari da yawa. Ranar 2 ga Janairu 1918 filin Montreal Arena ya ƙone ƙurmus, ƙungiyar Wanderers da ke wasa a filin ta watse, aka ƙarasa da uku.

Duk da haka, Joe Malone na ƙungiyar Canadiens ya zura ƙwallo 44 a wasa 20 kacal. Amma Toronto ce ta ɗauki babban kofin hokin, Kofin Stanley, a Maris, bayan ta doke Vancouver, daga wata gasar daban, wasa uku da biyu.