Tawul Ba Ya Gyara Na'urar Gem

Na'urar gem, ko PlayStation ce ko Xbox, ƙaramar kwamfuta ce, kuma zafi ne babban abin da ke kashe ta. Abin takaici, har yanzu ana samun masu nannaɗe ta da tawul su kunna ta, su bar ta tana gasuwa, wai gyara ne.

Dabarar ta yaɗu ne a zamanin Xbox 360, wadda ta fito a 2005. Da yawa cikin na farko sukan mutu, sai jajayen fitilu uku su bayyana a kewayen makunni. Abin ya yi tsanani har a 2007 kamfanin Microsoft ya ware sama da dala biliyan 1 don gyara, ya kuma tsawaita garanti zuwa shekara 3. Dalmar da ke haɗa ƙwaƙwalwar hoto ce ke tsagewa saboda yawan ɗaukar zafi da hucewa. Idan aka rufe na'urar da tawul, zafi yakan sa ƙarfe ya buɗe, tsagar ta haɗe na ɗan lokaci, hoto ya dawo, mai ita ya yi ta murna. Amma dalmar ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 200, tawul kuwa ba ya kai ta can. Tsagar tana nan, sauran kayan ciki sun sha wuta a banza. Haka masu hura wa PlayStation 3 iskar na'urar busar da gashi idan ta nuna fitila rawaya.

Binciken kirki daga waje yake farawa. A canza soket, a gwada wata wayar HDMI da wata talabijin. A karanta rubutun jikin akwatin wuta, domin wasu na'urorin Amurka wutar 120 suke ɗauka, ta Najeriya kuwa 230 ce. Mai amfani da janareta ya nemi sitabilaiza. Idan fanka tana ruri na'urar tana mutuwa da kanta, yawanci ƙura ce ta toshe kafofin iska, musamman da hunturu. A zare filogi a share da buroshi mai laushi, a ɗauke ta daga kan kafet. PlayStation 4 mai sarƙewa kuma, a kashe ta, a danne makunni kamar daƙiƙa 7 har ta yi ƙara ta biyu, sai jerin zaɓi ya bayyana, a zaɓi sake tsara bayanai. Faifai mai datti ƙyalle kawai yake buƙata.

Akwatin wuta kam ba a buɗe shi a gida, domin yana riƙe lantarki ko bayan an zare filogi. Shi da aikin dalma na mai gyara ne.